Tsohon Kankiya a Luksambur

Ran wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, samari uku suka same ni a ɗan ofishina da ke Landover, a nan Amurka. Ɗaya daga cikinsu Nasiru ne, ɗan abokina, wanda da ni aka ci naman sunansa. Suka ce suna so su shiga sana'ar kai mutane yawon buɗe ido Turai, kuma sun gama tsara komai, saura kawai in gaya musu inda nake samun tikiti mai rahusa. Na ce in ga tsarin. Nasiru ya miƙo mini wayarsa. Hotuna ne masu kyau ƙwarai: wata fada a kan dutse, wata doguwar gada, kogi da bishiyoyi.

"Kawu, yanzu ai komai yana cikin waya," in ji shi. "Ka yi bukin ɗin jirgi da otal, ka bi taswira, shi ke nan."

Na ce masa, "To, ga ku a tsakiyar gadar nan, sai wata tsohuwa cikin mutanenka ta matso kusa da kai ta ce tana son kewayawa. Ina za ka kai ta?"

Suka yi dariya, suna tsammanin wasa nake yi. Ranar ina da baƙi, ban samu sukunin yi musu bayani ba. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, domin su da ire-irensu.

Sunana Sani, mutumin Maraɗi ne ni. Na zo ƙasar nan a farkon shekarun dubu biyu, kuma kamar yawancin 'yan uwana na Nijar, tuƙi na fara. Daga tasi na koma jan ƙaramar bas, ina kai mutane filin jirgin Dulles ina ɗauko su. A nan na haɗu da wadda ta koya mini wannan aiki, wata tsohuwa da muke kira Madam Jozet. 'Yar Luksambur ce, aure ya kawo ta Maryland, mijin ya rasu ya bar ta da ƙaramin ofishin tafiye-tafiye. Aikinta shi ne kai tsofaffin Amurkawa su ga ƙasarta, wasu kakanninsu daga can suka fito, wasu kuma iyayensu suna kwance a maƙabartar sojojin yaƙin duniya da ke bakin babban birnin. Wata rana ta ji ina sauraron labarai da Faransanci a rediyon mota, ta tambaye ni inda na koya. Na ce a lakwal, wato makarantar boko, a Nijar. Ta dube ni ta madubi ta ce tana neman mai ɗaukar kaya wanda yake jin Faransanci kuma ba ya shan giya. Ta haka na shiga.

Wanda bai san Luksambur ba, ƙasa ce ƙarama tsakanin Faransa da Jamus da Beljiyam. Ba ta da teku, kamar Nijar, sai dai ita in ka zuba shayi a filas a kudancinta ka kama hanya, za ka sha shi da zafinsa a iyakarta ta arewa. Ƙanƙantar nan ita ke yaudarar sabon shiga. Yana ganin taswira sai ya ce ai wannan aikin yini guda ne. Bai san cewa babban birnin hawa biyu ne ba: gari a kan dutse, gari a ƙasan kwari, tsakaninsu matattakala da gangare. Taswira ba ta nuna gwiwa.

Zuwana na farko, Madam ta sa muka riga baƙin isa. Ta ba ni sandar mijinta, ta ce in riƙe, in bi ta a baya, kada in wuce ta, kada kuma in yi magana. Muka shiga ramukan da sojojin da suka fafe cikin dutsen birnin, wuri mai duhu da sanyi, matattakalarsa a murɗe, mutum biyu ba sa jerawa. Muka fito muka bi hanyar da ke bakin ganuwa, inda ake hango rufin gidajen kwari da ƙaramin kogi. Ni ina da ƙarfina a lokacin, tafiyarta tana ba ni haushi. Da muka zauna sai ta ce, "Benci nawa muka wuce?" Ban sani ba. "Bayan gida nawa? Wanne ne a buɗe ran Lahadi? A ina rana take dukan fuska da hantsi?" Ban san ko ɗaya ba. Ta ce, "Gobe ka sake bi kai kaɗai. Yau ka kalli gari. Kallon gari aikin baƙo ne, ba naka ba."

Abin da ta fi nanata mini shi ne ƙafa. Takan ce kada in dubi fuskar baƙo in ina so in san ko ya gaji, don fuska tana jin kunya, tana murmushi ko da mai ita ya kusa faɗuwa. In dubi ƙafa. In tsoho ya fara jan takalmi, ko mace ta fara sauya tsayuwa daga wannan ƙafa zuwa waccan, to maganata ta ƙare ke nan ko da ban kai ƙarshen labarin ba. Kuma ba a tambayar mutum ko ya gaji a gaban jama'a. Sai dai ka ce, nan wurin ya fi kyau a zaune. Ta kuma hana ni jero shekaru da sunayen sarakuna. A kowane wuri labari ɗaya, in ji ta, kuma ya zama irin wanda mutum zai iya maimaita wa jikarsa.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Takalmi mai taushin ƙasa, wanda ka riga ka saba da shi, don sabon takalmi maƙiyin jagora ne. Lema mai launi mai haske da kake ɗagawa cikin cinkoso don mutanenka su hango ka. Kujera mai naɗewa a jakar baya. Waɗannan a wajen Madam na gaje su. Da na fara samun mutanenmu sai na ƙara nawa: ƙaramar butar roba, kamfas na duba alƙibla, tabarmar leda mai ninkuwa, da dabino saboda masu ciwon suga. Waya ta zo daga baya, kuma ban raina ta ba, tana rage wahala. Amma a cikin ramin dutse ba ta kamawa, kuma ba ta taɓa gaya mini cewa mai sayar da kofi na kusa da fadar sarkin ƙasar zai bar baƙona ya yi alwala a bayansa in na gaishe shi da harshensu ba.

Mutanenmu sun fara zuwa mini ne ta hanyar wani likita a Germantown da na taɓa kaiwa filin jirgi. Yawancinsu 'yan arewacin Najeriya ne, likitoci da injiniyoyi da malaman jami'a, sai 'yan kasuwar Nijar jefi-jefi. Kowa Paris yake so, ko Landan. Ni kuwa sai in ce a ƙara Luksambur a tsakiya, a huta da hayaniya. Da su na koyi abin da Madam ba za ta iya koya mini ba. Abincin da 'yan ƙasar suke alfahari da shi wuyan alade ne da wake, don haka kafin in zaunar da kowa a gidan abinci sai na shiga kicin da kaina. Ko ƙosan dankalin da suke soyawa a kasuwa sai na tambayi da wane mai aka soya. A bakin kogin Mozel, inda tuddai suke cike da inabi kuma kowane baƙo giya ake miƙa masa, na nemi masu matse ruwan inabi zalla, da masu soya ƙananan kifi. Da bazararsu rana ba ta faɗuwa sai wajen lokacin da a gida an daɗe da yin isha'i, sai ka tsara tafiya yadda azahar da la'asar za su same ku kusa da wuri mai ruwa da sirri. Duk wannan ba ya cikin hoto.

Akwai wani injiniya ɗan Zariya da ba na mantawa. Ya sha wahalar neman bizar Shengen ta shiga Turai tun yana ɗalibi, layi da takardu da tambayoyi, har sunan ya zama masa kamar sunan wani babban sarki. Na kai su ƙauyen Shengen ɗin kansa, wanda yake a kusurwar ƙasar, inda in ka tsaya bakin ruwa Jamus tana tsallake, Faransa tana ɗan gaba kaɗan. Muka sauka daga mota. 'Yan gidaje, coci ɗaya, agwagi a ruwa, wani tsoho yana kamun kifi. Injiniya ya juya hagu, ya juya dama, ya ce, "Malam Sani, ina garin?" Na ce shi ne wannan. Ya ce, "Wallahi garin Giwa ya fi shi girma." Ya zauna a bakin kogi yana dariya shi kaɗai har matarsa ta ce ya tashi mutane suna kallo.

Sai mummunar shekara ta zo, lokacin da tattalin arziƙin ƙasar nan ya durƙushe. A Landover da Fort Washington kana tafiya kana ganin allunan sayar da gida a ƙofofi. Wanda yake fargabar rasa gidansa ba ya tunanin fada a kan dutse. Wayar ofis ta yi tsit. Madam ta rufe, ta koma ƙauyensu a arewacin Luksambur wajen ƙanwarta. Kafin ta tafi ta kira direbobi da masu otal da ta sani ɗaya bayan ɗaya, ina zaune a gabanta, ta ce musu daga yau in sun ji muryata muryarta ce. Ni kuwa na koma tasi. Sai da wata bazara ta zagayo sannan na samu rukuni na farko da sunana ni kaɗai, mutane 'yan kaɗan da ba su cika ƙaramar bas ba.

Cikinsu akwai Dakta Halima, likitar yara a Germantown, da mahaifinta Alhaji Garba, manomi kuma mai shanu daga wani ƙauye a ƙasar Kankiya. Ta zo ofis ita kaɗai kafin tafiyar, ta zauna ba ta cire jakarta daga kafaɗa ba.

"Malam Sani, zan gaya maka gaskiyar abin da ya sa nake son tafiyar nan," in ji ta. "Tun da Inna ta rasu na nema wa Baba girin kad, katin zama a Amurka, na kawo shi. Yana da suga, yana da hawan jini, a ƙauye ba mai kula da maganinsa. Amma tun da sanyi ya shiga yake zaune bakin taga. Ba ya kallon talabijin, ba ya zuwa ko'ina sai Juma'a. Kullum maganarsa ɗaya, yaushe zai koma. So nake ya ga duniya, ko ransa zai sake, ya yarda ya zauna."

Na ce za mu yi iya ƙoƙarinmu, sauran na Allah ne.

Ban taɓa samun baƙo mai wuyar burgewa kamar Alhaji Garba ba. Dogo ne, siriri, ba ya ɗaga murya. Da ya ji ni ɗan Maraɗi ne sai ya ce, "Ashe namu ne da suka gudu," daga nan kuma Bakatsinen Tsallake yake kirana. Wannan ne kaɗai wasan da ya yi da ni. Na kai su Biyanden, inda fadar nan ta cikin hotuna take a kan tsauni, ana hawa da kujerun da ke rataye a igiyar ƙarfe. Kowa yana ɗaukar hoto. Alhaji ya dubi ginin daga sama har ƙasa ya ce, "Wa yake kwana a ciki?" Na ce babu kowa, na kallo ne. Ya ce, "To kango ne." A ƙofar fadar sarki ya ga sojan da ke tsaye ba ya motsi, ya ce yaron nan ba shi da mai canjinsa ne? Da muka zo bakin ramukan dutse kuwa ya ja ya tsaya. Dakta ta ce, "Baba, ka zo mu shiga, akwai fitilu a ciki." Ya ce, "Ramin da zan shiga guda ɗaya ne, Halimatu, shi ma ba da ƙafata zan shiga ba." Na buɗe masa kujera ya zauna a waje yana jan carbi har muka fito.

Ran da za mu koma, muna karin kumallo da jakunkunanmu a ɗaure, mai otal ya zo ya ce in zo in ga talabijin. Wani dutse ya yi aman wuta a ƙasar Aislan, tokarsa ta rufe sararin Turai, an dakatar da jirage, kuma ba wanda ya san ranar buɗewa. A nan ake gane ko mutum ya koyi aiki. Abu na farko, ban bar kowa ya tafi filin jirgi ya kwana a ƙasa ba. Na roƙi mai otal ya bar mana ɗakunanmu, kuma darajar Madam ta sa ya yarda. Na biyu, magani. Na Alhaji ya kusa ƙarewa, Dakta kuwa duk da likita ce, takardarta ba ta aiki a farmasin can, sunayen magungunan ma ba ɗaya ba ne. Muka ɗauki kwalayen muka je wajen wani likitan unguwa, ita tana faɗin abin da ke cikin kowane magani, ni ina juyawa da Faransanci, har aka samu daidai da su. Na uku, biza. Masu fasfon Amurka ba ruwansu, amma Alhaji da fasfon Najeriya yake, kwanakin da aka ba shi sun ƙare. In ya zarce ba tare da hatimi ba, zai iya zame masa tabo a duk tafiyar da zai yi nan gaba. Na kai shi ofishin baƙi da sassafe da tsohon tikitinsa, aka buga masa ƙarin kwanaki. Dakta kuma tana kan waya da asibitinsu, tana neman wanda zai riƙe mata aiki.

Da aka gama waɗannan sai babbar matsalar ta fito: na riga na nuna musu duk abin da ke cikin tsarina. Mutanen da ke zaune a otal ba abin yi, ba su san ranar tafiya ba, kwana kaɗan ne za su fara faɗa da juna, sannan su haɗu a kanka. Sauran na san abin da zan yi da su, jirgin ƙasa yana aiki, biranen Jamus da Faransa suna kusa. Alhaji ne ban sani ba. Sai na tuna wani abu da na gani a hanyar Biyanden. Mun wuce wata gona da aka watsa wa taki, wari ya cika mota, kowa ya rufe hanci. Shi kuwa ya zuge gilashinsa, ya bi gonar da kallo har ta ɓace. Na kira Madam a ƙauyensu na gaya mata. Ta ce, "Kawo shi gobe da hantsi. Maƙwabcina Emil zai saki shanunsa."

Ashe a can shanu a rufe suke yin duk lokacin sanyi, sai ciyawa ta fito ake buɗe musu. Mun isa ni da Alhaji da Dakta, muka tarar da Emil, wani gajeren tsoho mai jan fuska da takalmin roba, yana cire sakatar ƙofar ɗakin turken. Shanun suka fito, manya masu dabbare-dabbaren baƙi da fari, suka tsaya suna shinshina iska, sannan suka zuba da gudu cikin ciyawa suna tsalle kamar maruƙa. Na ji wani sauti a bayana, na juya. Alhaji ne yake dariya, har yana riƙe da shinge.

Bai jira izini ba. Ya tattare babbar rigarsa ya saɓa a kafaɗa, ya shiga. Ya kama wata karsana, ya buɗe bakinta ya duba haƙora, ya shafa bayanta, ya sunkuya ya dubi hantsa. Ya ɗebi busasshiyar ciyawa ya sansana, ya ɗan tauna. Emil yana kallonsa, sai ya je ya jawo wata saniya ya tsayar a gabansa, kamar mai cewa, wannan fa? Daga nan aikina ya zama na tafinta kawai.

"Tambaye shi, ina ƙahoninsu?"

Emil ya ce tun suna maruƙa ake ƙone tushen, don kada su ji wa juna rauni a turke.

"Saniya ba ƙaho, ba tozo. Da me za ta kare ɗanta?"

"Nan babu kura," in ji Emil.

Alhaji ya tambayi yawan madarar da ake tatsa a saniya ɗaya. Da na faɗa masa sai ya ce in sake tambaya, ban ji daidai ba. Na sake, amsar ba ta canza ba. Ya jinjina kai, sannan ya ce a tambaye shi iya nisan da za ta iya tafiya neman ruwa. Emil ya nuna shingen ƙarshen gona ya ce ba ta taɓa wuce can ba. Alhaji ya ce, "To, kowa da baiwarsa. Shanuna bunaji ba za su ba ka wannan madara ba, amma za su kai ka Maraɗi su dawo da kai." Emil ya ce yana so ya ga hotonsu. Babu hoto. Alhaji ya tsuguna ya zana masa ƙahon da tsinke a ƙasa.

Suka zauna a kan wani gungume, ni ina tsakaninsu, Dakta da Madam suna tsaye kusa da shinge. Alhaji ya ce, "Ina 'ya'yansa? Ban ga kowa yana taya shi ba."

Emil ya ce namijin yana aikin banki a birni, macen tana Burusel.

"In ya mutu fa, wa zai riƙe shanun?"

Na ɗan yi jinkiri, don a wajensu ba a yi wa mutum maganar mutuwarsa kai tsaye. Amma tafinta ba ya gyara wa dattijo magana. Na faɗa yadda ya faɗa. Emil bai ji haushi ba. Ya ɗaga kafaɗa ya ce za su sayar. Sannan ya ce, "Shi fa?"

"'Yata ga ta can, likita ce. Ƙaninta yana Abuja. Shanuna suna hannun Lawal, ɗan ƙanena, tun da na taho."

"To me yake yi a Amurka?"

Alhaji ya dubi shanun. Ya ce, "Gaya masa ina kallon taga."

Na gaya masa. Emil ya ce shi ma ɗansa ya nema masa ɗaki a birni, kusa da asibiti, saboda zuciyarsa. "Na ce masa likita yana da mota, zai iya zuwa inda nake. Shanu ba su da mota."

Dakta ta ji duka, don ba nisa take ba. A hanyar komawa, da muka kusa gari, ta juya ta dubi mahaifinta. Sannan ta ce, "Baba, in ka koma, wa zai riƙa auna maka suga?"

"Ki koya wa Lawal. Ke ma ai koya miki aka yi."

"In ya tashi cikin dare fa? Asibiti yana da nisa."

"Halimatu, na san kin fi ni sanin ciwon nan, kuma ban ce ba ki yi mini gata ba. Amma a gidanki ba ciwon ne yake cina ba."

Washegari na kai sauran Jamus a jirgin ƙasa, Alhaji kuwa ya ce a mai da shi wajen Emil. Na ce ba tafinta. Ya ce ba sa bukata. Haka aka yi ta yi har aka buɗe sararin sama. Madam ta ce mini in ta leƙa takan gan su suna gyaran shinge, wannan yana Hausa, wancan yana harshensu, kowa yana gyaɗa kai.

A filin jirgi, muna jiran a kira mu, Dakta ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ce, "Malam Sani, in mun isa ka duba mini tikitin Kano, kafin damina ta sauka." Ta ɗan yi murmushi. "Na kawo shi don ya zauna, kai kuma ka nuna masa abin da zai mai da shi."

Na ce, "Dakta, ki gafarce ni in na ɓata miki shiri."

"Ba laifinka nake gani ba. Tun rasuwar Inna ban ji dariyarsa ba sai a gonar nan."

Ya koma. Ta sayi na'urar awo ta koya wa Lawal, takan je duk shekara ta duba shi, kuma ya yi shekaru masu dama bayan haka. Ni kuma tun daga lokacin gonar Emil ta shiga tsarina. Duk rukunin da ke da dattijo ko dattijuwa da suka tashi a karkara, nakan ware musu hantsi guda a can. Ba kowa yake so ba. Akwai Hajiyar da ta ce ba ta baro Gusau don ta zo Turai kallon kashin shanu ba, na mai da ita kantunan birni, ta ji daɗinta. Aikin ke nan, Nasiru. Wuraren suna nan ba sa motsi, kowa zai iya samunsu. Mutumin da ke bayanka shi ne ba a rubuta a ko'ina ba, kuma kullum sabo ne.

Duk zuwan da na yi, Emil yakan tambaye ni labarin tsohon, in ce yana lafiya, ya ce a gaishe shi. Shekarar da Alhaji ya rasu na je da wani rukuni wajen ƙarshen bazara. Na bar su suna kallon maruƙa, na ja Emil gefe na gaya masa. Ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Sannan ya ce, "Shanun fa?"

Ban sani ba. Na kira Dakta daga nan bakin turken. Ta ce an raba gado, ƙaninta ya sayar da nasa, ita kuwa ta ce kada a taɓa nata, suna hannun Lawal, har biyu sun haihu bana.

Na juya masa da Faransanci. Ya mai da hularsa, ya dubi turkensa, wanda na lura rabinsa ya zama fanko tun zuwana na baya.

"Likitar ce ta riƙe?" in ji shi.

Na ce ita ce.

Ya ce, "In ka koma ka gaya mata, in karsana za ta yi haihuwar fari, kada a bar ta ita kaɗai."